Tseren Mota da Kwamfuta: Mai Lissafi ke Kwashe Maki

Duk malamin da yake koyarwa a makarantun sakandare na kewayen Zawaciki, Panshekara da Sharaɗa ya san ƙorafin da iyaye suke yi game da shagunan gem. Da zarar an tashi daga makaranta, wasu yaran ba sa zarcewa gida, sai su raɓe a wani ɗan shago mai akwatin talabijin biyu ko uku, ƙaramin janareta yana ruri a bakin ƙofa, su ƙarar da kuɗin tara da suka ƙi ci tun safe. Mafi yawansu ƙwallon ƙafa suke bugawa. Amma akwai masu tseren mota, a shago ko a wayar hannu, waɗanda suke fafatawa da motocin da kwamfuta take tuƙawa, kuma a kansu wannan maƙala za ta yi magana.

Ra'ayina shi ne, yaron da yake son ya tara maki a irin wannan tsere ba shi da wata hanya sai ta darussa uku da suke cikin manhajar da ake jarraba shi a kanta a WAEC da NECO, wato ilimin motsi da guga a Fiziks, da tsara gwaji irin na kimiyya, da lissafin yiwuwar faruwar abu. Malamin da ya tsaya ga zagin gem kawai ya yar da wani allo da ɗalibansa suka riga suka saba kallo da idon basira. Ban ce a bar yara su kwana a shago ba, kuma zan zo kan wannan. Amma bari mu fara ganin me ke cikin wasan.

Mu soma da kwana, domin a nan ake cin tsere, a nan kuma ake faɗuwa. Sabon ɗan wasa yana zaton sirrin yana ga danne totur, saboda haka yakan shiga kwana da dukan gudun motarsa, ya daki bango, motocin kwamfuta su wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai sani ba shi ne, babu abin da yake juya mota sai gugar da ke tsakanin taya da kwalta, kuma wannan guga tana da iyaka. Littafin Fiziks ya rubuta iyakar kamar haka: v × v = μ × g × r. Harafin v shi ne gudu mafi yawa da mota za ta iya shan kwana da shi ba tare da ta zame ba. Μ ma'aunin riƙon taya ne. G ƙarfin da ƙasa take janyo abubuwa da shi, wanda za mu ɗauka 10 don sauƙin lissafi. R kuwa nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar kwanar da layin da motar take bi.

Alal misali, a ce ga kwana mai kusurwar digiri 90, gefenta na ciki yana da r na mita 30, faɗin hanyar kuma mita 10 ne, μ ɗin tayar kuma 1. Wanda ya manne da gefen ciki tun daga farkon kwanar har ƙarshenta, wai don ya rage nisa, ba zai wuce mita 17 a daƙiƙa ba, wato kimanin kilomita 62 a awa. Wanda kuwa ya taho ta gefen waje, ya kurɗo ya shafi gefen ciki a tsakiyar kwanar, sa'an nan ya bar motar ta buɗe zuwa gefen waje, ya zana wa kansa babbar da'ira mai r na kusan mita 64. Wannan zai sha kwanar da kimanin kilomita 91 a awa. Hanya ɗaya ce, mota iri ɗaya, amma bambancin ya kusa kilomita 30 a awa. Malamin lissafi yana iya ba ɗalibansa kamfas da rula su zana wannan kwana a takarda su nemo mita 64 ɗin nan da kansu, kuma ina da yaƙinin waɗanda suka saba gyangyaɗi a bayan aji su ne za su fara ɗaga hannu.

Abu na biyu game da taya shi ne, riƙonta kamar albashin ma'aikacin kamfani yake: abin da aka kashe wajen cefane ba za a same shi wajen biyan haya ba. Idan taya ta ƙarar da dukan riƙonta wajen birki, babu sauran abin da za ta juya mota da shi. Dalilin ke nan da ƙwararru suke taka birki mai ƙarfi tun motar tana miƙe, su riƙa sassauta shi yayin da suke karya sitiyari. Rabon ma yana bin ƙa'idar Fitagoras ne, domin birki yana aiki ta tsawon mota, juyawa kuma ta gefenta. Idan birki ya ci 0.6 na riƙon, saura 0.8 don juyawa, tun da 0.6 × 0.6 da 0.8 × 0.8 idan an haɗa su 1 suke bayarwa.

Sa'an nan a lura cewa fita daga kwana ta fi shigarta muhimmanci, musamman idan doguwar miƙaƙƙiyar hanya ce take biye. Wanda ya fito da fifikon mita 2 kacal a daƙiƙa, ya riƙe wannan fifiko na daƙiƙa 10, ya ba abokin karawarsa ratar mita 20, tsawon motoci huɗu ke nan. Haka kuma wanda ya lafe a bayan wata mota a miƙaƙƙiyar hanya yana samun sauƙin iska, domin ta gaba ita take keta ta, sai ya tara gudu ya fito ya wuce kafin kwana ta gaba.

Tilas a nan in yi togaciya. Ba kowane gem ne yake bin waɗannan dokoki sau da ƙafa ba. Gran Turismo, wanda Kazunori Yamauchi da abokan aikinsa suka fitar a Japan a 1997, an gina shi ne don ya kwaikwayi motar gaske. Amma irin su Need for Speed, wanda ya fara fitowa a 1994, da Asphalt na wayar hannu, sun sassauta dokar da gangan don nishaɗi. A wasunsu ma zamewar mota a kwana ita take cika ma'ajin ƙarin gudun da yara suke kira naitiro. Ke nan aikin ɗan wasa na farko shi ne ya gano wace doka ce take mulki a duniyar da ya shiga. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin masanin kimiyya a duniyar da Allah ya halitta.

To, yanzu mu dubi abokin hamayyar. Direban kwamfuta na gargajiya ba ya ganin hanya yadda mutum yake gani. Masu tsara gem suna shimfiɗa masa wani layi ne da ido ba ya gani a kan hanyar, su rubuta masa gudun da ya dace da kowane wuri, shi kuma ya bi. Saboda haka yana taka birki kusan wuri ɗaya a kowane zagaye, yana bin gefe ɗaya, ba ya fushi, ba ya tsoro, ba ya kuma koyon darasi daga abin da aka yi masa a zagayen da ya wuce. Ɗan wasa mai hankali yakan sadaukar da tsere ɗaya ya bi bayansa kawai, yana lura da inda fitilar birkinsa take kamawa, da kwanar da yake yi wa rowar gudu. A wannan kwanar za a wuce shi gobe da jibi da gata.

Sai dai masu tsara gem 'yan kasuwa ne, sun san cewa idan yaro ya tsere wa kwamfuta da nisa zai gaji da wasan, idan kuma ta tsere masa zai yi zuciya ya ajiye. Don haka da yawansu suka sa wata dabara da ake kira dabarar roba, domin kamar an ɗaure motar ɗan wasa da motocin kwamfuta ne da robar ɗaure kuɗi: in ya yi nisa a gaba sai a ƙara musu gudu su kamo shi, in ya koma baya sai a rage musu su jira shi. Mario Kart 64 na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 1996, ya yi suna a kan wannan, haka ma Need for Speed Underground na 2003. A wasannin Mario Kart har makaman da ake tsinta a hanya ana raba su ne bisa matsayi, na baya ya sami masu ƙarfi, na gaba ya sami na tsiya, kuma akwai wani shuɗin ƙoƙon kunkuru da ba ya neman kowa sai wanda yake na ɗaya.

Yara sukan ce, "Wallahi kwamfuta cuta take yi." Amsar da ta kamaci malamin kimiyya ita ce, "Ina hujjarka?" Kuma hujjar tana da sauƙin samu. A zaɓi hanya ɗaya, mota ɗaya, da matakin wahala ɗaya, kada a sauya ko ɗaya daga cikinsu. A yi tseren sau biyar da iyakar ƙoƙari, ana rubuta lokacin da motar kwamfuta mafi sauri ta ɗauka. A sake yi sau biyar, amma a wannan karo ɗan wasa ya tsaya cik na daƙiƙa 15 a farkon tseren kafin ya tashi. A fitar da matsakaicin lokaci na kowane kashi a kwatanta. Idan lokacin motar kwamfuta bai sauya ba, babu roba, kuma ɗan wasan ne bai iya ba. Idan kuwa lokacinta ya ƙaru sa'ad da aka yi jinkiri, to an kama ta dumu-dumu. Ɗalibin da ya yi wannan ya fahimci dalilin da ya sa ake sauya abu ɗaya tak a gwaji a bar sauran yadda suke, da dalilin maimaita gwaji, fiye da wanda ya haddace su daga allo don jarrabawa.

Sakamakon gwajin shi zai faɗa wa ɗan wasa yadda zai tafiyar da tserensa. Inda babu roba, duk ratar da aka samu ajiya ce, saboda haka a nemi gaba tun da wuri. Inda akwai roba, ratar zagayen farko ba ta da daraja sosai, tun da za a cinye ta. Kuskuren farkon tsere yana da arha, na ƙarshensa yana da tsada ƙwarai. A nan hikima ita ce a adana naitiro da makamin kariya, a zauna kusa da na gaba, a kashe abin da aka tara a zagayen ƙarshe, lokacin da robar ba ta da sauran damar janyo kowa.

Mu zo kan maki kansu, inda na ga ɗalibai sun fi yin asara. Yawancin waɗannan wasanni gasa ce ta tsere da yawa, kuma kofi na wanda ya fi tara maki ne. A Mario Kart 8, motoci 12 suke tsere, na ɗaya ya sami maki 15, na biyu 12, na uku 10, na huɗu 9, haka ake ta rage ɗaya-ɗaya har na ƙarshe ya sami 1, kuma kowane kofi tsere huɗu ne. Ɗauki Audu mai zafin kai: ya zo na ɗaya sau biyu, ya yi karo ya ƙare na goma sau biyu. Makinsa 15, 15, 3, 3, jimla 36. Ga Tanko kuma bai taɓa zuwa na ɗaya ba, na uku yake zuwa kullum: 10 sau huɗu, 40. Tanko ya fi Audu, alhali Audu ne ake yi wa tafi a shago.

Wannan ba tatsuniyar gem ba ce. A gasar Formula One ta 1958, Stirling Moss na Ingila ya ci tsere huɗu, ɗan ƙasarsu Mike Hawthorn ya ci ɗaya tak, amma Hawthorn ne ya zama zakaran duniya da maki 42, Moss yana da 41. A 1982 ma wani direba ɗan ƙasar Finlan ya ɗauki kambun da maki 44 bayan ya ci tsere ɗaya kawai, alhali akwai direbobi biyar da kowannensu ya ci biyu. Sunansa Keke Rosberg, sunan da Bahaushe zai yi mamakin jinsa a kan zakaran tseren mota.

Ga kuma tambayar da take fuskantar ɗan wasa a kwanar ƙarshe: yana na biyu, motar kwamfuta tana gabansa, ya kutsa ko ya haƙura? Idan ya kutsa ya yi nasara, ya ƙaru da maki 3, daga 12 zuwa 15. Idan ya daki bango ya koma na shida mai maki 7, ya yi asarar 5. A ce ya jarraba sau takwas: in ya dace sau biyar ya sami 15, in ya kasa sau uku ya rasa 15, an tashi babu riba babu faɗuwa. Ke nan kutsen ba shi da amfani sai ga wanda yake dacewa fiye da sau biyar cikin takwas a irin wannan kwana. Lissafin yana sauyawa ne a wuri ɗaya, wato a tseren ƙarshe, idan motar da ke gaban ita ce take gaba da shi a jadawalin maki kuma zuwa na biyu ba zai ba shi kofin ba. A nan babu abin da haƙuri zai tsare. Wannan ne ma dalilin da ya sa ya kamata a riƙa karanta jadawalin bayan kowane tsere, domin cikin motoci 11 na kwamfuta, ɗaya ko biyu ne kawai abokan hamayya na gaskiya.

Duk abin da na faɗa game da halin direban kwamfuta ya shafi tsohon salo ne. A watan Fabrairu na 2022 mujallar kimiyya ta Nature ta buga aikin masu bincike na kamfanin Sony a kan wani direba mai ƙirƙirarriyar basira da suka kira Gran Turismo Sophy. Ba a shimfiɗa wa Sophy layi ba. An sake ta ne a kan hanya, ana ba ta lada idan ta ci gaba ko ta wuce wata mota, ana cire mata idan ta fita daga hanya, ko ta daki bango, ko ta yi karo, ita kuma tana ta maimaitawa a kan na'urorin PlayStation masu ɗimbin yawa har ta gano layin da ya fi da kanta. Tana yanke shawara sau 10 a kowace daƙiƙa. A karawar farko da ta yi da gwanaye huɗu na duniya a watan Yuli na 2021, mutane ne suka fi tara maki, domin ta iya gudu ita kaɗai amma ba ta ƙware a cunkoso ba. Aka koma aka gyara horonta, a watan Oktoba na shekarar ta doke su. Abin da ya fi ba masu binciken wahala shi ne koya mata ladabin hanya: in an tsananta hukuncin karo sai ta zama matsoraciya, in an sassauta sai ta riƙa ture mutane. Wato ita ma neman maki take yi, kuma halinta yana fitowa ne daga yadda aka tsara jadawalin makin. A 2023 aka sa ta cikin Gran Turismo 7 don kowa ya gwada ƙarfinsa da ita.

Me ya haɗa wannan da yaron Zawaciki? Masana'antun Challawa, Sharaɗa da Bompai, na jima da na roba da na kayan abinci, ba za su tsaya da ƙafafunsu ba sai da masu fasahar da suka san yadda na'ura take auna abu, ta yanke shawara, ta gyara motsinta. Ilimin da ake koyarwa ke nan a sashen Mekatironiks na Jami'ar Bayero, kuma tushensa shi ne tambayar da yaro yake yi a gaban talabijin: me ya sa motar nan ta taka birki a nan?

Yanzu ga abin da masu suka suke faɗa, kuma ba duka ne ƙarya ba. Sun ce gem yana cinye lokaci da kuɗi. Haka ne, kuma yaron da yake danna madanni awa uku ba tare da ya rubuta lamba ko ɗaya ba, bai koyi komai ba sai ciwon ido. Sun ce al'adar nan ta wanda aka ci shi zai biya tana iya zama ƙofar caca. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba ni da kariyar da zan yi mata. Gwajin da na kawo ba ya bukatar fiye da waya ɗaya da littafin rubutu a cikin aji, ƙarƙashin idon malami. Akwai kuma masu kawo labarin Jann Mardenborough, matashin Birtaniya da ya ci gasar GT Academy a 2011 ya zama direban tsere na gaske a kamfanin Nissan, har ya zo na uku a ajinsa a tseren Le Mans na Faransa a 2013, suna ruɗin yara da cewa gem sana'a ce. Shi kaɗai aka zaɓa cikin dubban mutane, kuma sai da ya sha horo mai tsanani a motar gaske kafin a sake shi.

Sukar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta titi. A gem, wanda ya daki bango yakan rasa daƙiƙa biyar, motarsa ta miƙe ta ci gaba. Yaron da ya saba da wannan, ya sami babur ko motar gidansu ranar ɗaurin aure, ya hau titin Panshekara da yake cike da tireloli da adaidaita sahu da ma'aikatan da suka taso daga kamfanoni, yana cikin haɗari, yana kuma jefa wasu. Tun da aka buɗe tashar kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki a watan Janairu na 2023, yankin ya ƙara zama mahaɗar manyan motoci masu ɗauke da kwantena. Maganin da nake gani a nan shi ne a kammala darasin da gem ya fara, da lambobin titin gaske.

Nisan da birki yake bukata shi ne v × v a raba da 2 × μ × g. Mu ɗauki μ na busasshiyar kwalta 0.8, mu kuma ba direba daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin haɗari da taka birki. A gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta Nijeriya ta sa a cikin gari, mota za ta ci kimanin mita 26 kafin ta tsaya. A kilomita 72 za ta ci mita 45. A kilomita 108 za ta ci mita 86. Idan yashi ya rufe gefen kwalta ko ruwan sama ya jiƙa ta har μ ya ragu zuwa rabi, mai gudun kilomita 72 ɗin nan zai bukaci mita 70, tirela mai kaya kuwa ta fi haka. Ina ba malaman Fiziks shawara, ranar da suka koyar da wannan, su fita da ajin filin makaranta da igiyar awo, a kafa dutse a mita 26, wani a 45, wani a 86, a sa ɗalibi ɗaya ya tsaya a kowane dutse, sauran kuma su tsaya a inda direban ya fara hango mai tsallaka titi.